Yarona ya iya sanda amma ƙafarsa ta ƙi: yaya zan gyara masa zamiyar ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Muna zaune a Edmonton. Ɗana yana da shekara 11, yana buga hokin ƙanƙara a rukunin 'yan ƙasa da 13. Bai fara hawa ƙanƙara ba sai da ya kai shekara 7, lokacin da muka zo ƙasar, alhali abokansa tun suna shekara 3 ko 4 suka fara. Kocinsu ya ce hannunsa yana da kyau, yana kuma da ganin fili, amma zamiyarsa ce ke mayar da shi baya. Ni ban taɓa sa takalmin nan ba, ban san abin da zan duba ba. In saya masa takalmi mai tsada ne, ko in biya kuɗin horon bazara? Ko dai ya riga ya makara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya raya mana shi, Ya yi masa albarka. Bai makara ba. Kuɗin takalmin nan kuma ka riƙe su tukuna.

Cikin abubuwan da kocinsa ya lissafa, wanda ya rasa ɗin shi ya fi saurin gyaruwa. Ganin fili wuyar koyarwa gare shi. Zamiya kuwa aikin jiki ce, ana warware ta gaɓa-gaɓa a sake ɗinke ta, ko da a jikin babban mutum ne. Brayden Point ɗan Calgary ne, nan kudu da ku. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, na 2014 sai a zagaye na uku aka ɗauke shi, shi ne na 79, domin masu farautar 'yan wasa suna ganin ga ƙaramin jiki ga ƙarancin gudu. Ƙungiyar Tampa Bay ta haɗa shi da malamar zamiya Barb Underhill, ita kuma ta tsaya a kan yadda idon sawunsa ke lanƙwasawa a cikin takalmi. Ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2020 da 2021, a kakar 2022-23 ya zura 51 a raga, yau kuma gudun nan da aka raina yana cikin abin da ake shakkarsa da shi. Ya kai shekara 18 kafin a fara masa wannan gyara. Naka 11 gare shi.

Tunda ba ka taɓa hawa ba, bari mu fara da ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin, domin duk abin da zan faɗa daga can ya taso. Ɗauko takalmin yaron ka kifa shi. Kaurin ƙarfen kamar milimita 3 ne, kuma ƙasansa ba a shafe yake ba. Akwai ɗan kwarmi da ya bi tsawonsa, ya bar kaifi biyu: kaifin ciki ta wajen babbar yatsa, kaifin waje ta wajen ƙaramar yatsa. Gaba da baya, ƙarfen sulalewa kawai yake yi, ba ya kama komai. Ta gefe ne yake cizon ƙanƙara. Don haka wanda ya tura ƙafarsa baya kai tsaye, yadda ake yi a gudun ƙasa, ya yi aikin banza. Dole turawar ta tafi gefe, ta ɗan karkata baya, a kan kaifin ciki. Yaron da ya yi shekara bakwai yana gudu a ƙasa kafin ya hau ƙanƙara, jikinsa ya riga ya haddace gudun ƙasa. Shi ya sa za ka ga ƙafafunsa suna ta faɗi-tashi da sauri-sauri, dunduniya na tashi sama ta baya, ya gaji liƙis, wani yaro kuma ya zo ya wuce shi da taku uku kamar ba ya so. Ka zuba ido a wasansu na gaba, ina kyautata zaton abin da za ka gani ke nan.

Tsawon turawa ya danganta da yadda yaro ya sauka ƙasa. Gwada da kanka a falo. Tsaya a miƙe, ka miƙa ƙafa ɗaya gefe ba tare da ta bar ƙasa ba, ka ga inda ta tsaya. Sai ka ɗan tsuguna a kan ɗaya ƙafar ka sake miƙawa. Tazarar da ta ƙaru, ita ce ke zama gudu. Dalilin ke nan da ya sa kowane fili ka shiga za ka ji koci yana ihun a lanƙwasa gwiwa. Sai dai ihun nan bai cika yin amfani ba, domin yaron da aka ce wa ya sauka ƙasa, abin da zai yi shi ne ya sunkuya daga ƙugu, kai ya yi gaba, ɗuwawu ya yi sama, ƙafafu suna nan a sanƙare. Shi a ransa ya sauka, tunda idonsa ya matso kusa da ƙanƙara. Saukar gaskiya daga idon sawu take farawa. Ƙwauri ya kwanta gaba ya danne harshen takalmi, gwiwa ta zo saitin yatsu ko ta ɗan gota su, sannan ƙugu ya zauna, ƙirji yana kallon gaba. Ni abin da nake ce wa yara shi ne su murƙushe harshen takalmi da ƙwauri. Da zarar ƙwauri ya tafi, gwiwa da ƙugu bin sa suke yi ba sai an roƙe su ba.

Yau da daddare ka gwada shi a jikin bango. Ba takalmi, babbar yatsa nesa da bango kamar santimita 10, ya kai gwiwarsa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Ƙafar dama, sannan ta hagu. Idan ya kasa, ko ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba, to ka samo aikin farko, kuma ba ya cin ko sisi: wannan motsin ne zai riƙa maimaitawa kullum na 'yan mintuna, tare da miƙe tsokar sha-raɓa.

Nan ne batun takalmi ya shigo. Takalma mafi tsada a shago an ƙera su ne don ƙarti masu nauyin kilo 85 ko 90, shi ya sa suke da tauri ƙwarai. Yaro mai kilo 35 ko 40 ba shi da nauyin da zai lanƙwasa su, sai takalmin ya riƙe masa idon sawu a tsaye, ka biya kuɗi mai yawa ka sayo masa ciwon da kake neman magani. Matsakaicin takalmi da ya zauna masa daidai ya fi. A kan zama daidai ɗin nan zan roƙe ka abu ɗaya: mu mun saba saya wa yaro takalmi da ɗan girma don ya girma a ciki, to ban da wannan. Idan ƙafa tana yawo a ciki, yaro ba ya iya sarrafa kaifi, idon sawu ya riƙa faɗawa ciki, kowa ya ce ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi, alhali takalmin ne. Yawanci lambarsa takan yi ƙasa da ta takalmin makaranta da ɗaya ko ɗaya da rabi. Sassauta igiyar, ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa, in yatsarka ɗaya ta shige bayan dunduniya da sauƙi har da saura, ya yi masa yawa. Na hannu mai kyau ba laifi ba ne, tunda ƙafar yaro a wannan shekarun ba ta zama wuri ɗaya. Kada ya naɗe ragowar igiya a idon sawu, kada ya ɗaure wurin da salatif. Wasu yaran idan aka bar hudar igiya ta can sama ba a zura ba, nan take ƙwaurin ke samun hanya. A gwada a lokacin atisaye a gani.

Washi ma ka sa ido a kai. Mai washi zai tambaye ka zurfin kwarmi. Rabin inci, wato kusan milimita 13, shi ne wanda aka fi yi, kuma ya isa yaro irin naka. Ƙaramar lamba tana nufin kwarmi mai zurfi da cizo mai yawa, babbar lamba kamar 5/8 tana nufin sulɓi mai yawa da cizo kaɗan. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kaifin biyu su zo daidai da juna. Kifa takalmin ka ɗora kwabo a kan ƙarfen, in ya karkata gefe ɗaya, a sake washi. Ka tsaya wa mai washi ɗaya da lamba ɗaya, a riƙa kaiwa bayan kamar awa 10 zuwa 15 na hawa, ko ƙasa da haka in yana hawa filayen waje, domin ƙanƙarar waje ta fi cin kaifi.

Idan aka samu saukar, sai a dubi takun kansa. Turawa ta kai ƙarshe, ƙugu da gwiwa da idon sawu su miƙe bi da bi, yatsu su yi ɗan fizgar ƙarshe. Sannan ƙafar ta dawo ƙasa-ƙasa, tana kusan shafar ƙanƙara. A kan inda za ta dawo ɗin malamai sun rabu. Tsohuwar koyarwa ta ce ta dawo har tsakiyar jiki, dunduniya ta kusa taɓa 'yar'uwarta. Masu bincike irin su Mike Bracko na Calgary sun ce 'yan wasa masu gudu na gaske takunsu a buɗe yake, kuma hannuwansu gefe da gefe suke kaiwa, ba gaba da baya ba. Ni a ganina kowa da gaskiyarsa a muhallinta. Haɗa dunduniya atisaye ne mai kyau a hankali, don yana tilasta wa yaro ya tsaya a kan ƙafa ɗaya. A tsakiyar wasa kuwa ya isa ƙafar ta dawo ƙarƙashin ƙugunta. Batun hannu kuma ba na yaƙi da yaro a kai, sai in na ga yana jujjuya kafaɗunsa har jiki na karkacewa.

Yanzu ga inda na fi so ka kashe lokacinka da kuɗinka: kaifin waje.

Kusan kowane yaro yana samun kaifin ciki da kansa, saboda idan ya jingina ciki ɗaya ƙafar tana nan za ta tare shi. Kaifin waje kuwa yana buƙatar ya jingina jikinsa zuwa gefen da babu komai sai ƙanƙara. Tsoro ne tsagwaronsa, kuma tsoro mai dalili. Yaran da suka fara suna shekara uku sun sha faɗuwarsu a lokacin da ƙasa take kusa kuma ba wanda ke kallo. Naka ya zo a shekarun da yaro ya fara jin kunyar faɗuwa a gaban abokai, don haka ya koyi dabarun kauce wa kaifin waje: ya yi kwana da faɗi, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana jan ɗayar, ya juya ta gefe ɗaya kullum. Duk wani abu da ake kira iya zamiya a hoki, wato kwana mai kaifi, gicciya ƙafa, tsayawa cak da ƙafa biyu, juyawa daga gaba zuwa baya ba tare da gudu ya ragu ba, rabinsa a kan kaifin waje yake. Ɗauki gicciya ƙafa a kwana. Ido yana ganin ƙafar waje tana tsallake ta ciki, sai a ɗauka tsallakewar ce aikin. Ƙarfin yana wurin ƙafar ciki, wadda ke turawa ta ƙarƙashin jiki a kan kaifinta na waje har ta miƙe. Yaron da ba shi da wannan kaifin tsallake kawai yake yi, yana fita daga kwana da gudun da bai kai wanda ya shiga da shi ba. Ka nemi bidiyon Connor McDavid na ƙungiyar garinku, ka rage gudun hoton. Ko a miƙaƙƙiyar hanya gicciyawa yake yi, dama da hagu, yana ƙara gudu da kowace, mai tsaron baya kuma ya rasa ta ina zai ɓullo. Ya ci gasar gudu ta taurarin NHL a 2017, 2018, 2019 da 2024. A ta 2019 ɗin Kendall Coyne Schofield, mace mai tsawon santimita 157, ta zagaye fili cikin daƙiƙa 14.346, shi kuma 13.378. Wanda ya kalli zagayen nata ba zai ƙara cewa gudun ƙanƙara sai mai dogayen ƙafafu ba.

Gyaran ba shi da ado. Ya sulala a kan ƙafa ɗaya daga shuɗin layi zuwa shuɗin layi, wato layuka biyun da suka raba filin gida uku. Ya bi da'irar da aka zana a fili a kan ƙafa ɗaya, kaifin ciki, sannan kaifin waje, gaba, sannan da baya. Ya zana rabin da'ira da ƙafar dama, ya sauya zuwa hagu, yana tafiya kamar igiya. A hankali ƙwarai, domin gudu yana ɓoye rashin daidaito, tafiyar hawainiya ce ke tona shi. Kansa a ɗage, ido a kan gilashin da ke can gaba. Ya sa kayan kariyarsa duka, kuma ka faɗa masa da bakinka cewa ranar da ya dawo gida bai faɗi ba, bai jingina yadda ya kamata ba. Yana buƙatar ya ji wannan daga gare ka, don yaro yakan ɗauka faɗuwarsa tana ba uba kunya a gaban sauran iyaye.

Ka lura da gefen da ya fi rauni. A lokutan da ake buɗe fili ga jama'a, yawanci hagu ake zagayawa, don haka yara da yawa sun iya gicciyawa hagu, dama kuwa sai a hankali. Tsayawa ma haka. Duk atisayen da zai yi sau ɗaya a gefen da ya iya, ya yi sau biyu a wanda bai iya ba. 'Yan baya masu wayo cikin minti biyar suke gane gefen da ɗan gaba ba ya iya juyawa, su yi ta kora shi can.

Wa zai koya masa? Kada ka yi mamaki in aka nuna maka mace wadda ta fito daga zamiyar gwaninta, irin wadda ake yi da kiɗa. Su ne suka fi kowa sanin kaifi, tunda sana'arsu kacokan a kansa take. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar New York Islanders ta miƙa Bob Nystrom, wanda ya tashi a Hinton ta jiharku ta Alberta, ga Laura Stamm don ta gyara masa taku, a zamanin da ɗan hoki ke jin nauyin a ce mace ke koya masa. Shi ne ya zura ƙwallon da ta ba su kofin Stanley na farko a 1980. Underhill da na ambata zakarar duniya ce a zamiyar mutum biyu, ita da Paul Martini, a 1984 a Ottawa. Dawn Braid, wadda ta yi aiki da ɗan wasan NHL John Tavares tun yana matashi, Arizona Coyotes ta ɗauke ta a 2016, ta zama mace ta farko da ta riƙe cikakken aikin koci a NHL. Jeff Skinner ma ya yi gasar zamiyar gwaninta yana yaro kafin ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2011. Hukumar Skate Canada tana da shirin koyar da zamiya da aka tsara don 'yan hoki, ka tambaya a kulob ɗin da ke kusa da ku. Kafin ka biya kowa, je ka zauna ka kalli darasi ɗaya. In ka ga yara talatin a layi, koci ɗaya da usur, kowa ya ruga ya dawo ba wanda aka tsayar aka gyara wa komai, wannan motsa jiki ne kawai. Nemi inda yara ba su wuce shida ko takwas ga malami ɗaya ba, inda ake kiran yaro da sunansa a ce masa abu ɗaya tak ya gyara. Darasi ɗaya a mako na tsawon watanni ya fi sansanin kwana biyar a jere, domin jiki yana buƙatar kwanaki tsakanin darasi da darasi kafin sabon motsi ya zauna.

Akwai jeri da ake bi, kuma tsallake shi ne ke sa iyaye su ce sun biya kuɗi ba su ga canji a wasa ba. Da fari a hankali ba faifai, wato ƙwallon hoki. Sannan da gudu. Sannan da gudun da ya fi ƙarfinsa har ya riƙa kuɓucewa, na daƙiƙa biyar zuwa goma, ya huta sosai, ya sake. Sannan a ba shi faifai a sanda, inda za ka ga rabin gyaran ya zube, kai ya koma ƙasa, sai a sake ginawa. Daga ƙarshe a sa wani yaro ya bi shi. Duk wannan da sabon jiki ake yi, a farkon atisaye. Abin nan da wasu kociyoyi ke yi na sa yara su yi ta zarya daga layi zuwa layi a ƙarshen atisaye har su kusa amai, ba na goyon bayansa ga yaro mai gyaran taku. Gajiyayyen yaro miƙewa yake yi, takunsa ya gajarce, abin da ya maimaita a gajiye kuma shi jikinsa zai riƙe. A wasan gaske ma yawanci kamar daƙiƙa 45 ɗan wasa yake yi a fili kafin a canja shi.

Tashin farko, wato taku uku na fari, shi kaɗai ne wurin da zamiya ta ɗan yi kama da gudun ƙasa: yatsu a buɗe waje, jiki ya faɗa gaba, taku gajeru a kan gaban ƙarfe. Yaro irin naka yakan same shi da wuri. Tafiya da baya kuwa ko ɗan gaba ne ya koye ta sosai, don tana gina ƙugu da kaifi fiye da yadda ake zato.

Ka kuma yi amfani da abin da garinku ya ba ka kusan kyauta. Da hunturu unguwannin Edmonton cike suke da filayen waje da ƙungiyoyin unguwa ke zuba wa ruwa. Awa ɗaya na wasan yara uku da uku a ƙaramin wuri, ba koci ba alƙali, tana sa yaro ya tsaya, ya juya, ya tashi, fiye da abin da zai yi a wasan hukuma inda rabin lokacin yana kan benci. Hukumar hoki ta Amurka ta gina tsarinta na renon yara na 2009 a kan wannan fahimta, ta mayar da ƙananan yara wasa a faɗin fili maimakon tsawonsa, Kanada ma daga baya ta wajabta irin haka ga ƙananan rukunoni. Shekaru huɗun da abokansa suka riga shi, a irin waɗannan filayen ne zai rage su.

A gida kuma kana da abin koyarwa ko da ba ka taɓa hawa ƙanƙara ba. In ka yi langa kana yaro, koya masa. Tsalle a ƙafa ɗaya, ana ture ka kana neman daidaito, shi ne ainihin abin da ƙugu da idon sawun ɗan hoki ke buƙata. Ka haɗa masa da tsugunno a kan ƙafa ɗaya yana kallon madubi don gwiwa kada ta faɗa ciki, da tsalle gefe zuwa gefe yana dira a ƙafa ɗaya ya daskare na daƙiƙa biyu, da tsallen igiya. Minti goma sha biyar, sau uku a mako. Ba ya buƙatar ɗaga ƙarfe mai nauyi yanzu. Takalmi mai taya yana taimaka wa taku da gicciyawa da bazara, amma ba ya koyar da tsayawa irin ta ƙanƙara.

Bazarar kanta kada ka cika ta da hoki. Shahararren ɗan hokin nan Wayne Gretzky, lokacin yana yaro, yakan ajiye takalminsa idan kaka ta ƙare ya koma besbol da lakuros. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya tashi a St. Albert nan gefenku, ya buga besbol har ya shiga ƙungiyar matasa ta ƙasa, ya kuma gama NHL da ƙwallo 625. Bar yaron ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi iyo, ya hau keke, da darasin zamiya ɗaya a mako in hali ya yi. Akwai dalilin lafiya a ciki. Takun zamiya yana matsa wa mahaɗin cinya da tsokar matsematsi ta hanya ɗaya, kuma maimaita shi wata goma sha biyu a shekara a jikin da ke girma yana da hannu a ciwon ƙugun da ake gani a matasan 'yan hoki. Wani bincike da Timothy Tyler da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a kan 'yan wasan NHL ya nuna wanda ƙarfin tsokar cikin cinyarsa bai kai kashi 80 cikin ɗari na ta waje ba ya fi fuskantar yagewar tsokar har ninki 17. Tun yanzu a saba masa da matse ƙwallo tsakanin gwiwoyi yana kwance. In ya yi kukan ciwo a matsematsi, ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko dunduniya, har ya wuce mako biyu ko ya sa shi ɗingishi, a kai shi likita, kada a ce ya daure.

Ka shirya wa wani abu da ke tafe. Wajen shekara 13 zuwa 14 yawancin yara maza ke yin tsawo farat ɗaya. Ƙashi yana riga tsoka, sai ka ga yaron da ya gyaru ya koma kamar bai taɓa koyo ba. Na ɗan lokaci ne. A koma atisayen hankali da miƙe jiki har jikin ya san sabon tsawonsa. A daidai wannan shekarun ne kuma ake fara bangaza, wato ture abokin hamayya da jiki, domin tun 2013 hukumar hoki ta Kanada ta cire ta daga rukunin da yake yanzu, sai a na 'yan ƙasa da 15. Wannan ne ya sa na damu da batun saukar nan fiye da batun gudu. Yaron da ke tafiya a miƙe, kai a ƙasa yana kallon faifai, shi ke shan mummunan karo a jikin katanga. Wanda ya zauna a kan ƙafafunsa, kai a sama, yana ganin mai zuwa, ya kauce ko ya karɓa. Shekara biyu gare ku kafin lokacin.

Naka aikin a bakin fili shi ne waya. Sau ɗaya a wata ka ɗauke shi bidiyo na daƙiƙa goma, ɗaya daga gefe, ɗaya yana tahowa gare ka. Daga gefe ka duba ko gwiwa ta kai saitin yatsu, ko kuma kansa yana hawa yana sauka da kowane taku, alamar yana miƙewa tsakanin turawa da turawa. Daga gaba ka duba ko ƙafar da ke turawa ta miƙe har ƙarshe, ko ƙarfen da ya dira a kai yana tsaye ko ya kwanta ciki. Ku kalla tare, ka bar shi ya fara faɗin abin da ya gani. Kada a yi wannan a mota bayan an ci su wasa.

Tantancewar watan Satumba kuwa, wadda ake raba yara rukuni-rukuni da ita, kada ka ɗora mata rai da yawa. Makonni shida ko takwas suna iya gyara tsayuwa da kwana har a lura, amma taku sabo yakan ɗauki kaka guda ko biyu kafin ya fito da kansa a tsakiyar wasa, kuma a makonnin farko yaron zai ji kamar gudunsa ya ragu, cinyoyinsa na zafi. Ka gaya masa tun kafin ya ji. In aka sa shi a rukuni na ƙasa bana, zai fi samun lokaci a fili, ya fi riƙe faifai, ya samu sararin gwada kaifin waje a wasa ba tare da tsoron benci ba. Kafin nan ka koma wurin kocinsa ka ce ya fayyace maka abin da yake nufi da zamiya: tashin farko ne, ko kwana, ko tafiya da baya, kuma ta wane gefe. Amsar da ya ba ka, ita za ka kai wa malamin zamiya a ranar farko, tare da bidiyon da ka ɗauka.